Araha Ba Ta Ado: Tsohuwar Sienna da Aljihun Maigida

Kaɗan ne daga cikin motocin da suka shigo ƙasar nan a shekarun baya suka sami karɓuwa wurin magidanta masu matsakaicin ƙarfi kamar Toyota Sienna. Dalilin kuwa a fili yake. Mutumin da Allah ya albarkace shi da iyali, ga mata, ga 'ya'ya, ga 'ya'yan riƙo, ƙaramar mota ba ta kashe masa ƙishirwa. Wannan kuwa tana da mazaunin mutum bakwai ko takwas, ga wurin zuba kaya, ga laushin tafiya. Ita ke kai yara makaranta da safe, ita ke ɗaukar 'yan rakiyar amarya, ita ke zuwa ƙauye ta'aziyya, ita ce kuma ta sauke da yawa daga cikinmu a ƙofar ɗakunan kwana da katifa da buhun gari. In ta gaji da hidimar gida sai a kai ta tasha, ta shiga layi tare da 'yar'uwarta Sharan, ta riƙa jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna da Abuja har ƙarfinta ya ƙare.

To, amma fa akwai maganar da ba a faɗa wa maigida ran da yake ƙirga kuɗi a gaban dillali. Abin da ya biya ran nan kafin alƙalami ne kurum. Cikon kuɗin motar a gareji za a karɓa, kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, kuma daga aljihun nan da kuɗin rajistarmu da na abincinmu ke fitowa. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, maganar ta shafe mu ko da ba mu mallaki ko keke ba. Ra'ayinmu shi ne, mafi yawan wannan asara ana iya kauce mata. Lalle tsufa yana da nasa rabo, amma rashin sani ya fi shi ci. Mota ce da ke isowa ba tare da tarihinta ba, ta faɗa hannun mutanen da ba wanda ya koya wa aikinta, alhali kuwa ilmin da zai tsare ta yana nan a rubuce, wani sashensa ma a ɗakunan karatunmu yake kwance.

Bari mu fara da asalinta. Kamfanin na Japan ne, amma ita Sienna a Amurka aka haife ta, domin kasuwar Amurka. An fara ƙera ta a jihar Kentoki a 1997, daga 2003 kuma aikin ya koma jihar Indiyana. Waɗanda suka cika hanyoyinmu su ne zubin farko, na 1998 zuwa 2003, da zubi na biyu, na 2004 zuwa 2010, watau autarsu ma ta kai shekara 15 a duniya. Kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Ikko ko Kwatano ta riga ta yi wa wani iyali bauta shekara da shekaru. Wasu ma haɗari ne ya fito da su, ko ambaliya ta shanye su, kamfanin inshora ya yi lissafi ya ga gyara ya fi ƙarfin darajar motar, ya sa ta a gwanjo, ɗan kasuwarmu ya saya, mai gyaran bodi da mai fenti suka rufa mata asiri. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufo.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, cututtukan wannan mota ba gaibu ba ne. Tun tana sabuwa aka san su, aka rubuta su, har aka je kotu a kan wasu. Injin zubin farko, mai silinda shida, ya yi ƙaurin suna wajen daskarar da baƙin mai: man ya dafu ya koma kamar kwalta, ya toshe ƙananan hanyoyin da yake bi, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe har inji ya buga. Da ƙorafi ya yi yawa, a 2002 kamfanin ya yarda zai ɗauki nauyin gyaran irin waɗannan injuna har tsawon shekara takwas, a 2007 kuma aka sasanta ƙarar da masu motoci suka kai, wadda ta shafi motoci sama da miliyan 3, Sienna na cikinsu. Shekara takwas ɗin nan ta daɗe da ƙarewa, ko da ba ta ƙare ba kuwa, alkawarin bai ƙetare teku ba. Motar ce kaɗai ta ƙetaro, da kwaltarta a ciki.

A 2010 kamfanin ya kira motocin Sienna wajen 600,000, na 1998 zuwa 2010, da ke jihohin sanyi, domin a duba igiyar ƙarfen da ke riƙe da safaya a ƙarƙashin mota. A can gishiri ake watsawa a titi domin ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe, har igiyar ta tsinke taya ta faɗo a gaban wanda ke biye. Tsatsar da ta ci wannan igiya ba ta da dalilin ƙyale bututun birki da ƙafafun mota, amma mai saye a nan ƙyallin fenti yake dubawa da kyan kujeru. Da wuya ka ga wanda ya shimfiɗa tabarma ya leƙa ƙarƙashi. Ƙofar gefe mai zamewa, wadda yara ke sha'awa domin da maɓalli take buɗewa, ita ma siririyar igiyar ƙarfe ke jan ta. Igiyar takan zare ta tsinke, ƙofa ta maƙale, ƙurar hunturunmu kuwa ba ta raga mata. A 2016 an sake kiran wasu 744,000, na 2011 zuwa 2016, domin ƙofar tana iya buɗewa ana cikin tafiya. Mai karatu ya tuna ko su wa ake zaunarwa a bakin wannan ƙofa. Har wa yau wasu na 2007 zuwa gaba suna da guntun bututun roba da baƙin mai ke bi zuwa wurin sanyaya shi, in ya fashe man inji kan tsiyaye cikin ƙanƙanin lokaci, har kamfanin ya fitar da na ƙarfe a madadinsa.

Duk sa'ad da aka kira motoci a Amurka, wasiƙa ake aika wa mai motar har gida, a gyara masa kyauta. To, wa ya rubuta wa malamin makaranta a Gusau, ko ɗan fansho a Azare, wanda motar ta ƙare a hannunsa? Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a gindin gilashin gaba. Tun 2014 hukumar da ke kula da lafiyar motoci a Amurka ta buɗe hanya a intanet, kyauta, inda mutum zai sa wannan lamba ya ga ko akwai gyaran kira da ba a yi wa motar ba, akwai kuma kamfanonin da ke sayar da tarihin mota: haɗarin da ta yi, ko ruwa ya taɓa cinye ta, da abin da agogonta ya nuna a gwajin ƙarshe. Dillali ba zai nuna maka wannan ba, ba shi da riba a ciki. Abin mamaki shi ne, a 2022 Hukumar Kwastan ta fara amfani da wannan lamba ɗin wajen yanke kuɗin fito. Ashe Gwamnati ta san amfanin lambar sarai in ana maganar abin da zai shiga baitulmali. Da aka zo kan tsaron talakan da zai zuba iyalinsa a cikin motar, sai aka yi shiru.

Misalin da ya fi nuna tsadar rashin tarihi shi ne bel ɗin taimin. Sienna har zuwa ta 2006 da bel na roba take daidaita motsin bawul da na fistin. Daga 2007 ne aka koma sarƙa. Ƙa'idar kamfanin ita ce a canza shi bayan mil 90,000, watau kimanin kilomita 145,000. Agogon motar mil yake ƙirgawa, da yawa daga masu ita kuwa kilomita suke zaton suna karantawa, in ma ba a juya agogon baya ba kafin a kai ta kasuwa. Bel ba ya tari, ba ya zazzaɓi. Ranar da zai tsinke tsinkewa kawai yake yi, wataƙila a dajin da ke tsakanin Zariya da Funtuwa da magariba, kuma a wasu injunan yana iya lanƙwasa bawul, gyaran yini ɗaya ya koma sauke kan inji. Wanda ya sani yakan canza shi tare da famfon ruwa a lokaci guda, tun da yake wuri ɗaya ake kwancewa a kai gare su, ya biya ladan aiki sau ɗaya.

Daga nan sai gareji. Ba mu zo cin mutuncin kanikawa ba. Mutane ne da suka riƙe ƙasar nan a kan taya da sifana da basira, babu tallafin kowa. Amma sai a tambaya a kan wace mota maigidan garejin ya koyi aiki. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, har akwai lokacin da jiragen sama ke jigilar kayanta daga Liyon ta Faransa zuwa Kano. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibi ba, domin haɗawa ake yi, ƙirar tana Faransa. Duk da haka mota iri ɗaya ce a ko'ina, kayanta na gaske suna samuwa, bakanike ya san 504 kamar yunwar cikinsa, da kunne yake gane ciwon kafireto. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, ƙofar tokumbo ta buɗe. Sai ga motoci masu kwamfuta sun cika garejin da aka gina a kan kafireto, ba tare da wani ya tsaya ya sake horar da kowa ba. Yaron da ke koyo yau wurin maigidansa yake ɗauka, maigidan kuma wurin nasa maigidan ya ɗauka.

Dubi abin da ake yi wa tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa a cikin inji har sai zafinsa ya kai wajen maki 82 kafin ya sake shi zuwa lagireto. Da mota ta fara zafi, ko ma tun ba ta fara ba, sai a ce wai don ƙasar ƙanƙara aka yi shi, a cire a jefar, a ɗaure fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. An manta a Amurkan ma akwai hamada inda zafi ke kai na Maiduguri, kuma ba wanda ke cire shi a can. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutarsa ƙara masa fetur take yi, tana zaton har yanzu dumama yake, sai shan mai ya ƙaru, inji ya riƙa cin kansa a hankali. Ainihin abin da ya kawo zafin kuwa, ko lagireto ne ya toshe, ko marfinsa ya saki, ko famfon ruwa ke yoyo, yana nan ba a taɓa shi ba. Sa'an nan a zo a ɗura ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji na musamman. Injin Sienna na alminiyam ne, ruwan rijiya yana cin sa, yana tara ƙasa a cikin lagireto, yana kuma saurin tafasa. Ƙarshen wannan hanya sananne ne: gaskit ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da mai, maigida ya tsaya a bakin titi yana kallon tururi.

Haka abin yake a wajen mai. Littafin motar ya ce a zuba mata baƙin mai marar kauri, 5W-30, a canza shi bayan mil 5,000 ko wata shida. Mu kuwa a nan an yi imani cewa mai kauri shi ne mai ƙarfi, sai a zuba 20W-50 a injin da hanyoyin mansa ƙanana ne ƙwarai, wanda dama an san shi da toshewa. Giyar zubi na biyu tana da nata man na musamman, T-IV ga na farko-farko, WS ga na baya, amma a bakin titi duk jan mai man giya ne. Bayan 'yan watanni giya ta fara fizga, ta fara jinkirin shiga, a ce ai dama giyar Sienna ba ta da ƙarko. Fulogi shida ne, uku a gaba, uku a baya inda sai an sha wuya kafin hannu ya kai, don haka ba abin mamaki ba ne a canza na gaba a bar na baya da shekarunsu. Tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi, tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, shi ya sa ake yawan ba mai mota shawarar a fasa ta a zubar da cikinta, cikin da ba a taɓa zubarwa ba, sayar da shi ake yi. In fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba sai a liƙe ta ko a cire ƙwanta. Alhali tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da kafa a ƙarƙashin sitiyari inda za a jona 'yar na'ura ta karanto inda ciwon yake. Motar tana iya faɗin abin da ke damunta, mai tambayarta ne ya yi ƙaranci.

Masu motar ma ba su fita ba. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi nauyin da motar za ta iya ɗauka, bai wuce rabin tan da ɗan ɗori ba. Manya takwas kawai sun kusa cika shi. Sai a ɗora buhun masara biyu, da jarkar manja, da akuya, a hau hanyar da rami ke bin rami, sa'an nan a yi mamakin yadda shakazoba da boris da shaf ke mutuwa kowace damina.

Yanzu sai lissafi. Babu ko ɗaya daga cikin manyan kayan gyaran wannan mota da ake ƙerawa a ƙasar nan, saboda haka kowannensu da dala ake sayo shi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin Gwamnati, wajen 750 a kasuwar bayan fage inda 'yan kasuwa ke samunta. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Watau kayan da kuɗinsa dala 100 ne ya tashi daga naira 75,000 ya koma 150,000 cikin shekara guda, tun ba a sa kuɗin jirgi da fito da ribar mai shago ba. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ke nan ƙarfe guda na dala 100 ya cinye albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. A watan Oktoba na wannan shekarar litar fetur ta haura naira 1,000, tankin Sienna kuwa yana cin sama da lita 75, cika shi sau ɗaya ya fi albashin wata. A irin wannan hali, ƙarin shan man da cire tamostat ke jawowa ba abin wasa ba ne.

Da yake sabon kaya na gaske ya gagara, sai mutum ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko a aiko masa daga Ladipo ta Ikko, ya zaɓa tsakanin jabu mai kyan kwali da kwance wanda aka ciro daga wata motar da ta mutu. Mai hankali kwancen yake ɗauka, kuma ba mu ga laifinsa ba. Sai dai injin kwance ko giyar kwance su ma ba su da tarihi. Kwanaki ƙalilan ake ba ka na gwaji, in sun wuce ka shiga uku kai kaɗai. An sayar da kare an sayi biri. Duk wannan kuwa daga ina ya faro? Sau da yawa daga marfin lagireto da galan guda na ruwan sanyaya inji, abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a hana shigo da tsofaffin motoci ɗungurungum. Ba mu tare da su. Mutumin da albashinsa bai cika tanki ba, da me zai sayi sabuwa? A ranar 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, abin da mai saye ya gani shi ne ƙarin tsada, motocin kuwa tsufansu bai ragu ba. Sienna mai shekara 18 da aka san tarihinta, aka kuma bi ƙa'idarta, ta fi mai shekara 10 da ambaliya ta kwana a cikinta. Abin da ya kamata a tilasta shi ne gaskiya: duk motar da za ta fita daga tashar jiragen ruwa ta fito da takardar tarihinta a liƙe, da abin da agogonta ya nuna a ƙasar da ta baro, yadda dillali ba zai iya ɓoye wa mai saye ba. Hukumar da ta iya karɓar lambar shasi domin kuɗin fito ba za ta gaza wannan ba.

Saura namu, mu da ke jami'a. Kowace shekara sashen koyon injiniya yana yaye ɗaliban da suka iya lissafin zafin inji a kan allo, ga gareji a bayan katangar makaranta ana cire tamostat, ba su taɓa gaisawa ba. Tun 1973 akwai shirin tura ɗalibai horo a masana'antu, kuma kowa ya san da yawa a ofis suke ƙare watannin suna sa hannu a littafi. Me zai hana a amince ɗalibi ya yi horonsa a gareji, ya koyi riƙon sifana wurin maigidan, shi kuma ya karanta masa littafin motar da na'urar bincike? Me zai hana 'yan sashen injiniya da 'yan sashen Hausa su haɗu su fitar da ɗan littafi mai shafi ashirin a kan Sienna da Sharan, da harshen da bakanike ke ji, a raba wa ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi? Muna kuma kira ga sashen ya ware rana ɗaya a mako da jama'ar gari za su kawo motar da suke shirin saye a duba musu a kan kuɗi kaɗan, a ɗaga ta sama, a jona na'ura, a bincika lambar shasi. Kafin a kai ga haka, duk wanda mahaifinsa ko yayansa ke shirin sayen irin wannan mota ya gaya masa kada ya zuba duk abin da ya tara a hannun dillali. Ya rage wani abu, kafin a kai ta gida a nuna wa iyali a bi da ita gareji, a canza bel da famfon ruwa, a zuba man inji da na giya irin waɗanda littafinta ya faɗa, a mai da tamostat in an cire, a kuma kwanta a ƙarƙashinta a duba bututun birki da igiyar safaya.